Hanyar gidanka ce za ta zaɓa maka mota: jagora ga mai neman motar alfarma a karkarar Kano da Jigawa

Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu tafiyar kilomita bakwai ce, da rani rairayi, da damina caɓi. Shekarun baya wani baffana, da Allah ya sa wa cinikinsa na riɗi albarka, ya sayo wata baƙar Mercedes salun, motar da babu inda za ka kushe ta muddin tana kan titi. Amma daga Yuli har Satumba ba ta ƙara kwana a gida ba. A gidan wani amininsa da ke bakin titi yake barin ta, ya ƙarasa a kan babur da babbar rigarsa a tattare. Ranar da na je gaishe shi na ce, "Baffa, da an ɗan yi shawara kafin a biya kuɗin nan." Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, da na je saye motar na duba, ban tuna da hanyar gidana ba."

Abin ya daɗe yana damuna, domin kuɗin da ake zubawa a irin waɗannan motoci gumin shekara da shekaru ne, wani gona ya sayar, wani shanu. Shi ya sa na tsara wannan jagora ga wanda ke zaune a karkara, ko yake zuwa gida duk mako, kuma yake son hawa mota ta alfarma: Lexus, Mercedes, BMW, Audi, Volvo, Range Rover, ko manyan Toyota irin su Land Cruiser, Prado da Avalon. Yawancinmu ba sabuwa fil muke saye ba, wadda aka hau a Amurka ko Turai ce, wato kwatano ko beljiyam, don haka a kanta zan fi yin magana. Siffa huɗu ake zaɓa a ciki: salun mai but a ware, wagon mai dogon baya, jif mai tsayi, da mai buɗaɗɗen sama wadda rufinta ke naɗewa.

Mataki na farko: auna hanyarka kafin ka kalli kowace mota

Titin Kano zuwa Wudil ko Kano zuwa Kazaure kowace mota za ta bi shi. Abin da za ka auna shi ne wuri mafi muni tsakanin titi da ƙofar gidanka, a wata mafi muni na shekara, wanda a wajenmu Agusta ne. In kana iya jira, jira damina ka je ka gani da idonka. In ba ka iyawa, tambayi masu babur ɗin haya da direbobin motar kasuwa, su suka san inda ake kafewa.

Ƙasar tamu ba iri ɗaya ba ce. Arewacin Jigawa, wajajen Ɓaɓura, Sule Tankarkar, Gumel da Maigatari, rairayi ne mai zurfi, ai sunan jihar ma daga jigawa aka samo shi. A kwarin Haɗeja, su Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma, abin tsoron ruwa ne, ambaliya kan yanke hanya. A Kura, Bunkure da Garun Malam lakar fadama ce mai riƙe taya. In ka gangara kudancin Kano, Rano, Tudun Wada har Doguwa, sai duwatsu, jar burji da kwazazzabai. Rairayi da laka suna neman motar da tayoyinta huɗu ke ja. Duwatsu suna neman tsayi da taya mai kauri.

Ga awon da na fi ba muhimmanci. Inda amalanke da tarakta suka yi wa hanya rami biyu suka bar tudu a tsakiya, ɗora doguwar sanda a kwance a kan tudun, ka sa tef ka auna daga sandar zuwa ƙasan ramin da taya za ta bi. Rubuta abin da ka samu. Yawancin salun na alfarma tashinsu daga ƙasa santimita 13 ne zuwa 15. Lexus RX tana wajen 18, Prado da Lexus GX 20 zuwa 22, babbar Land Cruiser ta ɗan ɗara haka. Wannan kuwa mota babu kowa a ciki. In mutum biyar suka shiga ga kaya a but, cire santimita biyu ko uku. Idan tudun hanyarka ya kai 14, maganar salun ta ƙare. Abin da zai fara bugun ƙasa bamba ne da salansa, sai kaskon da baƙin mai ke taruwa a gindin inji. A motocin zamani da yawa kaskon nan na alminiyam ne, ba ya lotsawa, tsagewa yake yi. Mai ya tsiyaye ba ka sani ba, kafin ka isa gari inji ya buga.

Mataki na biyu: wa za ta ɗauka, me za ta ɗauka

Zauna ka faɗa wa kanka gaskiya. Motar zuwa Juma'a da ɗaurin aure ce, ko ita ce za ta kai uwargida asibiti da tsakar dare, ta kai yara makarantar kwana da akwatunansu? A ƙauye mai mota ba shi kaɗai ke da ita ba. Ranar da naƙuda ta tsananta a maƙwabta ƙofarsa za a buga, kuma ba zai ce a'a ba.

Sai nauyi. A motocin da aka kawo daga Amurka, in ka buɗe ƙofar direba za ka ga takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙi, tana nuna iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A ƙananan motoci tsakanin kilo 400 ne zuwa 550, manyan jif ma da ƙyar suke wuce 600. Manya biyar sun cinye wajen 350. Abin da ya rage buhun masara ɗaya ne ko biyu. Wanda ke son ya riƙa kai hatsi Dawanau, ko ya ɗauko raguna daga Maigatari ranar Alhamis, akori-kura yake buƙata. Gara ya rage kuɗin motar hawa ya haɗa da tsohuwar Hilux.

Mataki na uku: jera su huɗun ka kwatanta

Salun tukuna. In gidanka a bakin kwalta yake, ko burjin da ke kai ka mai kyau ne, ita ce ta fi daɗin tafiya. Nauyinta a ƙasa yake, don haka ta fi zama daram a kwana, ta fi saurin tsayawa idan shanu suka faɗo titi da magariba, ta fi ƙarancin shan mai, tayoyinta kuma sun fi sauƙin kuɗi. A cikin salun ɗin akwai gida biyu. Lexus ES 350 da Toyota Avalon 'yan ɗaki ɗaya ne da Camry mai silinda shida: inji iri ɗaya mai lita 3.5, kayan ƙafa da yawa iri ɗaya, saboda haka bakaniken da ya saba da Camry a Ringim ko Bichi ba zai tsaya yana kallon su ba. Ƙafarsu mai laushi ce, tana shanye gargada. Mercedes C da E, BMW 3 da 5, Audi A4 da A6 sun fi su riƙe titi a gudu, wanda ya tuƙa ya san haka, amma da titin Jamus a rai aka ƙera su. Waɗanda ke da tambarin AMG ko M Sport sun fi kusa da ƙasa, ga manyan wili da siririyar taya. Mazaunin ƙauye ya kauce musu.

Wagon kuwa an zalunce ta a ƙasar nan. Tun da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975 tashoshinmu suka cika da 504 wagon, 505 ta biyo, daga baya Golf, sai ido ya saba ɗaukar duk mota mai dogon baya a matsayin ta haya. A Turai Mercedes E wagon, BMW Touring, Audi Avant da Volvo V70 motocin masu hali ne. Tuƙinta na salun ne, shan manta kusan na salun, amma in ka kwantar da kujerun baya sai ka shimfiɗa katifa mara lafiya ya miƙe. Wanda ya taɓa rungumo tsoho mai shanyewar jiki a kujerar baya ta salun daga ƙauye zuwa asibitin Dutse ko Kano zai gane girman wannan falala. Akwai kuma waɗanda aka ɗaga aka ba su taya huɗu masu ja: Volvo XC70, Audi allroad, da Subaru Outback wadda tashinta ya kai santimita 22, daidai da Prado. Ga mai hanyar burji da ɗan rairayi, waɗannan sun wadatar. Cikas ɗinsu biyu ne. Kayan gyaran Volvo, Audi da Subaru ba su yawaita a Kano kamar na Toyota ba, sau da yawa sai an aiko daga Ladipo a Legas. Ranar da ka tashi sayarwa kuma za ka jima kana jiran mai saye.

A kan jif aka fi ruɗewa, domin duk mota mai tsayi jif muke ce mata, alhali iri biyu ce. Ta farko jikin salun ne aka ɗaga: Lexus RX, Mercedes ML ta 2006 zuwa sama, GLE da GLK, BMW X3 da X5, Audi Q5 da Q7. Ta biyu an ɗora jikinta ne a kan shasin ƙarfe kamar babbar mota: Land Cruiser, Prado, Lexus GX da LX. Ta biyun ce ke da giyar ƙarfi, inda za ka ga an rubuta L4 ko 4L, da makullin da ke tilasta wa tayoyin gaba da na baya su ja tare. Ita ce motar rairayin Ɓaɓura da kwazazzaban Doguwa. Ta farko tana haye tudun da ya gagari salun, tana bin burji lafiya, amma in ta nutse a rairayi har cikinta ya zauna sai an nemo majiya ƙarfi ko shanun huɗa. Range Rover a gefe take: tana da giyar ƙarfi, ta iya shiga daji ƙwarai, sai dai ƙafarta da lantarkinta suna neman ƙwararre a kusa, shi kuwa ƙwararren a birni yake.

Ga abin da dillalai ba su cika faɗa ba. RX da yawa da ake kawowa daga Amurka tayoyin gaba kaɗai ke ja, wasu GLK da ML kuma na baya kaɗai. Kada ka dogara da tambarin da ke jikin but, kowa na iya manna 4MATIC ko AWD. Leƙa ƙarƙashi da kanka. A RX, in babu dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, to ka san Camry ce mai dogayen ƙafafu, kuma a rairayi halin Camry za ta nuna maka.

Babbar jif ma tana da nata aibun, kuma ba ƙanana ba ne. Tsayinta ya sa ta fi saurin kifewa in aka fizgi sitiyari a gudu, ko taya ta fashe. Lexus LX 570 ta haura tan biyu da rabi, ba ta tsayawa inda salun za ta tsaya. Na ga matasa suna tuƙa ta kamar ƙaramar mota don suna jin babu abin da zai same su a ciki, raina yakan ɓaci. Hawanta da wuya ga Hajiya mai ciwon gwiwa. Tana kuma jawo ido, wanda a wannan zamani abin dubawa ne ga mai tafiyar dare. Baffan nawa dai daga ƙarshe ya sayar da Mercedes ɗinsa da asara ya ɗauki Prado mai silinda huɗu, injin lita 2.7. Ba ta da gudu, a kan titi in ya zo wuce tirela sai ya yi haƙuri, amma tana kwana a gida damina da rani.

Mai buɗaɗɗen sama ba zan daɗe a kanta ba. BMW Z4, Mercedes SLK, Ford Mustang, kyawawa ne, kuma akwai daɗi a tuƙa su da yammacin Disamba bayan la'asar. Amma an yi su ne don ƙasashen da ake marmarin rana. Mu a Afrilu zafi kan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, da damina ruwa da iska. Rana tana cinye rufin yadi, robobin bakin gilashi su bushe su fara yoyo, ƙura ta shiga na'urar naɗe rufin, in kuwa ya tsaya rabi a buɗe babu mai taɓa shi a kusa. Rashin rufi mai ɗaure jiki ya sa gargadar burji ke sassauta mata komai. Ƙofa biyu ce, wasu kujera biyu kacal, but ɗin ma rufin ya cinye shi, iyali masu son sutura kuma ba za su shige ta a buɗe ba. In mota ta biyu ce da za a ajiye a birni, babu laifi. A matsayin mota ɗaya tilo a ƙauye, ban ba kowa shawararta ba.

Mataki na huɗu: nemi bakanike da kayan gyara kafin ka nemi dillali

Yanzu mota biyu ko uku suka rage a ranka. Rubuta sunansu da shekararsu, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin abu biyar na kowacce: shokazoba, famfon mai, kwamfiresan iyakwandishan, fitilar gaba da gilashin gaba. Bayan kuɗin ka ƙara tambaya ɗaya: "Akwai a ƙasa, ko sai an yi oda?" Duk abin da sai an yi oda, motarka za ta yi kwanaki a kan jak. Daga nan ka je garejin da ya fi kusa da garinku ka ce, "Injiniya, ka taɓa kwance irin wannan? Kana da kwamfutar da ke karanta ta?" Mai gaskiya zai faɗa maka. In ya ce sai dai Kano, lissafa kuɗin janwe daga garinku zuwa Kano a cikin kuɗin motar.

Abu uku nake so mazaunin karkara ya yi hattara da su. Na ɗaya, ƙananan motocin dizal na Turai na 'yan shekarun nan. Suna da matatar hayaƙi da allurai masu tsananin laushi, wasu har da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue. Gurɓataccen gas ɗaya ya isa ya toshe su, motar ta ƙi gudu. Na biyu, ƙafar iska, wadda makanikai ke ce wa balan-balan. Tana Range Rover, wasu Audi allroad, Mercedes masu Airmatic, bayan Mercedes E wagon da bayan Lexus GX 470. Daɗi gare ta, amma robar tana tsagewa da tsufa da zafi, ka wayi gari motar ta durƙusa. Ana iya mayar da ita sifirin na ƙarfe, sai dai a sa kuɗin a lissafi tun wuri.

Na uku taya. Dubi lambar tsakiya a rubutun jikinta. A 225/45 R17, kaurin robar da ke tsakanin wili da ƙasa kashi 45 ne cikin ɗari na faɗinta, wajen santimita 10. A 265/65 R17 ta Prado ya kai 17. Wannan bambanci shi ke shanye rami. Duk abin da ya gaza 55 a hanyarmu, ka shirya wa kumburin taya da lanƙwasar wili. BMW da yawa kuma suna zuwa da tayar da ke iya ɗan tafiya ba iska, saboda haka babu safaya a but. Ƙaya da kututturen dawa bayan girbi ba sa raga wa kowace taya, mai facin ƙauye kuma ba shi da injin cire irin wannan. In ka saye ta, sayi safaya da jak a ranar.

Mataki na biyar: lissafin mai

Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Don haka ka yi lissafin da lita, farashin ranar ka ninka da kanka. A ƙiyasi LX 570 da babbar Land Cruiser mai silinda takwas suna cin kilomita 6 a lita, GX wajen 7, RX 350 tsakanin 8 da 9, ES 350 wajen 10 ko 11. A ce kana yin kilomita 1,500 a wata. Mai cin 6 za ta sha lita 250, mai cin 10 za ta sha 150. Bambancin lita 100 ne duk wata, 1,200 a shekara, kuma rairayi da iyakwandishan suna ƙara shi. Motoci masu turbo ba sa jure man jarka da ya sha ruwa ko datti, don haka in 'yan bumburutu kaɗai ke garinku, ka saba da cika tanki a gidan man da ka yarda da shi kafin ka bar titi.

Kada kuma ka zuba duk abin da ke hannunka a kuɗin saye. Ni kashi ɗaya cikin biyar nake cewa a riƙe don taya, mai da gyaran farko. Daidai ruwa daidai tsaki.

Mataki na shida: ranar dubawa

Je da kanka, da safe, da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ce kada a tayar da motar kafin ka zo, ka taɓa inji ka ji da sanyi, domin ƙara da hayaƙi a tashin farko suke fitowa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, ta birki da ta jakar iskar kariya dole su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila kashe ta aka yi don a ɓoye laifi. A jona kwamfuta a karanta.

Sai lambar shasi, mai harafi da lamba 17. Ka gwada ta gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda, su zama ɗaya. Da ita ake binciken tarihin motar Amurka a intanet, a ga ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta ci ta kamfanin inshora ya yi gwanjonta, da mil nawa ta yi kafin a mayar da agogon baya. Ka tuna mil 100,000 kilomita 160,000 ne. A motocin kasuwar Amurka harafi na goma shi ke nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har L 2020, ana tsallake I. Wannan yana da amfani yanzu da ake ɗaukar LX ko Land Cruiser ta 2010 a sauya mata fuska da fitilu a sayar da ita a matsayin ta 2018. Ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera ma yakan nuna shekarar ƙira.

Motar ambaliya ita na fi tsoro, domin ranar saye lafiya lau take, bayan wata shida lantarkin ya fara hauka. Ɗaga kafet ka shinshina, duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ja bel har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa, leƙa ramin safaya ko akwai busasshiyar laka. A hau da ita rami a duba ƙarƙashi: motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin shasinsu. A duba kuma ko an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Irin wannan a bar ta komai arharta. Tsofaffin ES 350, RX da GX 470 an san su da dashbod mai tsagewa ko narkewa ya yi danƙo a zafi, ka shafa ka ji.

Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Hau titi har giya ta shige duka, ka taka birki da ƙarfi, ka nemi burji ka saurari ƙafa. In jif ce, a sa L4 a gabanka ka ga ta shiga ta fita. Ka bar ta a tsaye da iyakwandishan a kunne minti goma sha biyar kana kallon allurar zafi.

Mataki na bakwai: takardu

Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka ta biyo daji an rage kuɗi, ka san kana iya rasa ta a shingen kwastan. Kai takardar kwastan ofishinsu a tabbatar maka da ita kafin ka biya. A rubuta takardar ciniki da lambar shasi da shaidu biyu, ka biya ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na mai sayarwa, a kuma yanke la'adar dillali tun kafin a fara ciniki. In an riga an yi mata lamba, a yi canjin mallaka. Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, amma motar miliyoyi ta cancanci cikakkiyar inshora. Baƙin gilashi kuma yana buƙatar izinin 'yan sanda.

Mataki na takwas: makon farko a gida

Juye baƙin mai ka sa irin wanda aka rubuta a murfin inji ko a littafin motar, a galan mai hatimi. Canza matatar mai, ta iska da ta iyakwandishan. In GX 470 ce ko wata mai bel a cikin inji maimakon sarƙa, kuma ba ka san yaushe aka canza shi ba, canza. Kada ka bari a cire tamostat, na'urar daidaita zafin inji, da sunan wai ta ƙasar sanyi ce, kada kuma a zuba ruwan rijiya a lagireto; ruwan sanyaya inji mai launi ake sawa. Dubi lamba huɗu ta ƙarshe a jikin kowace taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara biyar ko shida cire ta ko da zanenta bai cinye ba, zafin titinmu ba ya jure tsohuwar roba. Sa maƙeri ya yi maka faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji, ya bar wa iska hanya.

Yi mata rumfa mai ƙyaure. Rana tana fasa kujerar fata, awaki suna hawa kan mota su karce fenti, ɓeraye kuwa, musamman in rumbu na kusa, suna shiga inji su ci wayoyi. Kada a bar hatsi ko ƙuli a cikinta ya kwana, a riƙa buɗe bonet ana dubawa. Da hunturu matatar iska tana toshewa da wuri, a duba ta duk wata.

A but a ajiye shebur, igiyar ja mai ƙarfi, katako biyu da famfon iska mai jona batir. Kafin ka shiga dogon rairayi rage iskar taya zuwa PSI 18 ko 20 a ma'aunin iska, ka tafi a hankali ba tsayawa, in ka fito titi ka mayar da iskar kafin ka yi gudu. In ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur, ƙara wuta ƙara nutsewa ne. Tono gaban tayoyin, sa katako, ka fita a giyar ƙarfi. Ruwa kuwa, sauka ka taka shi da sanda tukuna. In yana gudu da ƙarfi, ko ya haura tsakiyar wili, juya ka jira ya janye, domin motocin Jamus da yawa batirinsu da kwamfutocinsu a ƙarƙashin kujera ko a ƙasan but suke. In kuwa ta mutu a tsakiyar ruwa, cire makulli ka sa a aljihu. A turo ta waje, a kira bakanike ya kwance fulogi ya fitar da ruwan da inji ya sha kafin a sake tayar da ita.